Korona ta tafi, sai kuma zuciya ta kumbura: ina laifin garkuwar jiki a ciki?

Wata baiwar Allah ce ta aiko da tambaya a kan ƙanenta, saurayi ɗan shekara 26 da ke buga ƙwallo a ƙungiyar unguwarsu. Ya yi mura da zazzaɓi, hancinsa ya daina jin wari, aka gwada aka ce korona ce. Ya yi kwanaki ya miƙe. Bayan kamar sati biyu ya koma fili, sai ƙirji ya riƙe shi, zuciyarsa ta riƙa bugawa ba tsari. A asibiti aka ce tsokar zuciyarsa ce ta kumbura, wai garkuwar jikinsa ce ta wuce gona da iri. Tana so ta san yadda garkuwa za ta cutar da mai ita, ko a saya masa maganin deksametazon, wanda ake ce wa deksa, kamar yadda wani mai kemis ya ba su shawara, ko allurar rigakafin korona da ya yi shekarun baya ce ta jawo, kuma ko zai sake buga ƙwallo.

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne.

Kafin komai, abu biyu nake roƙon ki: kada ya taka fili ko ya ɗauki kaya mai nauyi sai likitan da ke duba shi ya ce ya yi, kuma kada a saya masa deksa a kemis. Dalilan suna zuwa a ƙasa, amma ko ba ki karanta sauran ba, ki riƙe waɗannan.

Kalmar kumburi tana ruɗa mutane. Da yawa idan suka ji ta sai su ɗauka zuciyar ta hura kamar balan-balan. Ba haka ba ne. Ki tuna maruru lokacin da yake tasowa: wurin ya yi ja, ya yi zafi, ya ɗan tasa, ko taɓawa ba a so. Wannan jan da zafin ba aikin ƙwayar cuta ba ne kai tsaye, aikin jiki ne da ya turo jini da ƙwayoyin yaƙi zuwa wurin. To irin wannan ne ke faruwa a cikin naman zuciya. Bambancin shi ne, maruru a cinya za ka iya hutar da ƙafar, zuciya kuwa tana bugawa wajen sau dubu ɗari a kowace rana, ba ta da hutun dare balle na rana. Kuma a cikin naman nata akwai hanyoyin da ke kai saƙon lantarki mai tsara bugun. Idan kumburi ya faɗa kan waɗannan hanyoyi, bugun sai ya rikice. Abin da ƙanenki ya ji a fili ke nan. Ba ɓacin rai ba ne, ba tunani ba ne, duk da cewa a wurinmu da an ce ciwon zuciya sai a fara tambayar wa ya ɓata masa rai.

Yanzu ga yadda abin yake farawa. Ƙwayar korona tana da wasu ƙayoyi a jikinta, da su take maƙalewa a wani furotin da ake kira ACE2, wanda shi ne ƙofar shigarta. Wannan ƙofa tana nan a hanci da huhu, tana kuma nan a hanji, da ƙoda, da zuciya, da ƙananan jijiyoyin jini. Da zarar ƙwayar ta shiga, abu na farko da jiki lafiyayye yake yi shi ne sakin wani sinadari mai suna intafiron. Shi kamar haushin kare ne da dare: yana tashin maƙwabtan ƙwayoyin jiki su kulle ƙofa tun ɓarawo yana bakin zaure. Wanda intafiron ɗinsa ya fito da wuri kuma da ƙarfi, sau da yawa mura kawai zai yi, ko ma bai san ya kamu ba.

Matsalar korona ita ce ta iya toshe bakin wannan karen. Sai ta samu kwanaki tana hayayyafa ba a farga ba. Lokacin da jiki zai ankara, ta riga ta bazu, sai ya ruɗe ya yi gayya. Ƙwayoyin garkuwa suna kiran juna da wasu sinadarai da ake ce wa saitokain, wannan ya kira wancan, wancan ya kira wasu goma, kowa ya iso da makami, ba mai cewa ya isa. Kin taɓa ganin yara sun cinna wa ciyawa wuta da rani don su kama gafiya? Gafiyar za ta fito, har a kama ta, amma idan iska ta juya wutar ba ta san iyakar gona ba, ba ta san rumbu ba. Shi ya sa a 2020 muka riƙa ganin abin da ya ɗaure mana kai da farko: mutum ya yi sati yana zazzaɓi, har ya fara cewa da sauƙi, sai tsakanin kwana na bakwai da na goma numfashi ya sarƙe. A lokacin ƙwayar cutar ta ma fara raguwa a jikinsa. Wutar ce ke ci.

Akwai binciken da ya fito a watan Satumba na 2020 da ya ƙara haska wannan. Masana a Faris da New York sun duba jinin mutum 987 da korona ta kai su bakin mutuwa, suka tarar 101 daga cikinsu, wato kusan ɗaya cikin goma, jikinsu yana ƙera wasu sinadarai da ke kashe intafiron ɗin kansu. Kusan dukkansu maza ne. Waɗannan mutane karensu a ɗaure yake tun kafin ɓarawo ya zo.

Don haka idan aka ce garkuwa ta yi yawa, rabin magana aka faɗa. Ta yi kaɗan a lokacin da ake buƙatarta, ta yi yawa bayan lokaci ya ƙure. Wannan ne ya sa ba na jin daɗin tallan da ake yi a tasha da kasuwa da waya na magungunan ƙara ƙarfin garkuwa. Garkuwa ba kamar jini ba ce da za a ce ya yi ƙasa a ƙara leda biyu. Aikinta ya dogara ne ga fitowa a kan kari da kuma sanin lokacin tsayawa, kuma ba wani jiƙo ko ƙwaya da aka tabbatar tana saita wannan. Ko kalmar nan da ta yi tashe, guguwar saitokain, ni ina ganin an ɗan zuzuta ta. Da aka auna ɗaya daga cikin manyan saitokain ɗin, wanda ake kira IL-6, an tarar yawansa a jinin masu korona mai tsanani bai kai na masu gubar jini daga wasu cututtuka ba. Ɓarnar tana nan, amma ba ambaliya ɗaya ba ce da ke shafe komai, ta fi kama da wuta da ke ci a wurare daban-daban, musamman a huhu da bangon jijiyoyin jini.

Sai batun zuciya, kuma a nan ne nake so ki ɗan yi haƙuri da ni, don akwai bambancin da ko ma'aikatan lafiya kan haɗe shi.

Idan naman zuciya ya ji rauni, wani furotin mai suna taroponin yana tsiyayowa cikin jini, ana gano shi da gwaji. Wataƙila an yi wa ƙanenki wannan gwajin, ki duba takardunsa. A farkon annoba, wani asibiti a Wuhan ta ƙasar Sin ya ba da rahoton majiyyata 416 da aka kwantar. Mutum 82, kusan ɗaya cikin biyar, an ga alamar rauni a zuciyarsu. A cikin waɗannan, kashi 51 cikin 100 sun rasu, alhali a cikin sauran bai kai kashi 5 ba. Wannan rahoto ya girgiza mu ƙwarai, kuma mutane da yawa suka ɗauka korona tana cin naman zuciya ne kai tsaye.

Da aka fara binciken gawarwaki sai labari ya canza. Wasu likitoci biyu a Amurka sun tattara sakamakon zukata 277 na waɗanda korona ta kashe. An rubuta kumburin tsokar zuciya a kusan kashi 7 cikin 100, amma da suka tace da kyau suka ce na haƙiƙa bai kai kashi 2 ba. To me ya raunata sauran? Abubuwa ne da dama suka taru. Bangon ƙananan jijiyoyi ya ƙuje, jini ya riƙa daskarewa a ciki ƙanana-ƙanana, naman da ke gaba ya rasa abinci. Huhu ya cika da ruwa ko gudan jini ya toshe hanyarsa, ɓangaren dama na zuciya ya riƙa turawa kamar mai tura mota a yashi. Zazzaɓi ya sa tana gudu, iskar oksijin kuma ta yi ƙasa, an ƙara mata aiki an rage mata abinci. Su kansu saitokain suna sanyaya ƙarfin matsawarta. Mafi yawan waɗanda abin ya kayar kuwa dattawa ne masu hawan jini ko ciwon suga, wanda dama bango ya tsage kafin ƙadangare ya samu wurin shiga. Wannan ya shafe mu sosai, don mutanenmu da yawa suna yawo da hawan jini ba su taɓa aunawa ba.

Irin na ƙanenki, wato kumburin tsoka na gaske a jikin saurayi mai lafiya bayan ciwon ya lafa, yana faruwa, amma ba shi da yawa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta duba bayanan asibitoci a 2021, ta ga mai korona ya fi wanda ba shi da ita haɗarin wannan kumburi kusan sau 16. Adadin yana da ban tsoro idan aka faɗe shi haka, amma a zahiri kusan mutum 150 ne cikin 100,000. An kuma yi wani bincike da ya yi daidai da yanayinsa: 'yan wasa 1,597 daga jami'o'i 13 na Amurka da suka warke daga korona, aka ɗauki hoton zuciyarsu da na'urar MRI. An samu kumburi a 37. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne 9 kacal a cikinsu suka ji wani abu a jikinsu. Sauran 28 suna ganin lafiyarsu ƙalau. Don haka idan ya ce miki ai ya warware, ba ya jin komai, ki yarda cewa gaskiya yake faɗa, amma jin daɗin jiki ba shi ne shaida ba.

Kada kuma ki ɗauka korona ce ta zo da wannan. Tun kafin ta, muna ganin samari da suka yi mura ko gudawa, bayan sati biyu su zo da ciwon ƙirji, kuma wasu ƙwayoyin cutar ne daban. Mashaƙo da ya addabi Kano da maƙwabtanta daga ƙarshen 2022 zuwa 2023, yawancin yaran da yake kashewa bayan maƙogwaro ya fara sauƙi ta zuciya yake kashe su, sai dai shi guba ce ƙwayar ke fitarwa. Akwai kuma wanda kowane likitan yara a arewa ya sani: yaro ya yi ciwon maƙogwaro ba a ba shi maganin da ya dace ba, garkuwarsa ta rikita ƙwayar cutar da naman ƙofofin zuciyarsa ta far musu, bayan shekaru a kawo shi yana haki ƙafa a kumbure. Garkuwa ta juya wa mai ita ba baƙon abu ba ne a asibitocinmu.

Tunda akwai yara a gidaje, bari in ƙara wannan. A watan Afrilu na 2020 likitoci a Landan suka fara ganin yara da suka yi korona ba tare da wahala ba, wasu ma ba a san sun yi ba, sai bayan sati biyu zuwa shida su zo da zazzaɓi mai naci, ciwon ciki, amai ko gudawa, ido ja, leɓe a fashe, ƙuraje a jiki, zuciya ta yi laushi har jini ya faɗi. An ga irinsa a Bergamo ta Italiya. A wurinmu irin wannan yaro maleriya za a fara cewa, sai taifot, sai ƙyanda. Idan zazzaɓin yaro ya wuce kwana uku, ga jan ido ga ciwon ciki, kuma maganin maleriya bai taɓa shi ba, a kai shi babban asibiti. Yawancinsu suna warkewa sarai idan an kama da wuri.

Yanzu deksa. Mai kemis ɗin bai ƙirƙiri maganar daga iska ba, ya ji wani abu ne ya riƙe rabinsa. A watan Yuni na 2020 wani babban gwaji da Jami'ar Oxford ta jagoranta a asibitocin Birtaniya ya nuna cewa deksametazon, miligiram 6 a rana har zuwa kwana goma, yana ceton rai. A cikin waɗanda ke kan na'urar numfashi, mutuwa ta sauko daga kashi 41 zuwa kashi 29 cikin 100. A cikin masu shan oksijin kawai, ta ragu da kusan ɗaya cikin biyar. Magani mai arha, wanda ke kowane kanti, ya yi abin da masu tsada suka kasa, kuma ni har yau ina ganin wannan na cikin manyan alheran da aka samu a shekarar. Amma gwajin nan dai ya nuna cewa waɗanda ba sa buƙatar oksijin bai amfane su ba, alƙaluman ma sun karkata wajen cutarwa. Dalili a fili yake. Deksa ruwa ne da ake kwara wa wuta. Idan ka kwara shi tun jiki yana ƙoƙarin kama ƙwayar cutar, ka kashe wa kanka fitila ne. Daga baya an ƙara da wasu magunguna irin su tosilizumab, mai toshe IL-6, su ma ga waɗanda ke kwance cikin mawuyacin hali kaɗai.

Deksa ɗin nan shi ne fa wanda 'yan mata ke sha don su yi ƙiba, wanda ake ce wa sha ka fashe. Kin san yadda fuska ke cika ta yi tulu-tulu. Wannan cikar ruwa ce da kitse, kuma maganin yana ɗaga suga, yana ɗaga hawan jini, yana sa jiki riƙe gishiri. Zuciyar da ke fama da kanta ba ta buƙatar ƙarin ruwan da za ta tura. A Indiya a 2021, yawan ba da irin waɗannan magunguna barkatai ga masu ciwon suga ya taimaka wajen ɓarkewar wata cutar fumfuna da ke cin hanci da ido, dubban mutane suka kamu, wasu sai da aka cire musu ido. Garin neman gira ke nan. Akwai lokutan da likitan zuciya zai ba mai kumburin zuciya irin wannan magani, musamman idan ciwon ya zo da ƙarfi, amma a gadon asibiti ne, ana auna suga da jini, ana kallon hoton zuciya.

Haka nan ki raba shi da magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen, waɗanda 'yan ƙwallo ke haɗiya kamar gyaɗa, sai in likita ne ya rubuta. Ana ba da su idan jakar da ke lulluɓe da zuciya ce ta kumbura, amma idan tsokar ce, kuma ta yi rauni, suna iya ƙara dagula lamarin su taɓa ƙoda. Haɗin da ake ƙullawa a leda a kemis sau da yawa akwai su a ciki, har da deksa.

Batun allurar rigakafi ba zan ɓoye miki komai ba. Gaskiya ne alluran Pfizer da Moderna suna haddasa kumburin zuciya ga wasu 'yan kaɗan, galibi samari daga shekara 12 zuwa 29, galibi bayan allura ta biyu. An fara lura da shi a Isra'ila a 2021. A rukunin da ya fi shafa, yara maza 'yan 16 da 17, kusan ɗaya ne cikin 10,000 a alƙaluman Amurka, kuma mafi yawa sun warke cikin kwanaki. Idan aka haɗa jama'a gaba ɗaya, cutar kanta ta fi allurar jawo wannan kumburi, ko da yake a Ingila an ga cewa ga maza 'yan ƙasa da shekara 40 allurar Moderna ta biyu ta fi. Amma abin da ya yanke hukunci a kan ƙanenki shi ne lokaci: na allura yana bayyana ne cikin 'yan kwanaki, yawanci kafin sati ya cika. Allurar da aka yi shekaru da suka wuce ba ta kwanta ta jira. Shi kuwa ga korona da gwaji ya tabbatar sati biyu kafin ciwon.

Zai koma ƙwallo? In sha Allahu, mafi yawan masu irin nasa suna komawa. Ƙa'idar da likitocin zuciya suka daɗe a kai ita ce hutun wata uku zuwa shida daga duk wani motsa jiki mai ƙarfi. Dalilin ba wai don kada ya gaji ba ne. Tsokar da ke kumbure, idan aka tilasta mata gudu, tana iya jefa bugun cikin wani irin rikici da mutum zai yanke jiki ya faɗi a fili, kafin a kai shi mota rai ya yi halinsa. Kumburin zuciya na cikin sanannun dalilan mutuwar fuju'a ga matasa 'yan wasa. Na san abin da zai faru: sati uku zai ji garau, abokai su zo da yamma da takalma a hannu su ce ana wasan ƙarshe, ka shigo ko minti ashirin ne. A nan ne aikinki yake, ke da iyayenku. Ki kira kocinsu ki gaya masa da bakinki. Hutun kuma ya haɗa da ɗaukar buhu, da jan ruwa a rijiya mai zurfi, da huɗa, da tura baro. Tafiya a hankali zuwa masallaci ko cikin unguwa ba laifi idan ba ta sa shi haki. Ya nisanci sigari da shisha da lemukan ƙara kuzari, da tiramol in yana taɓawa.

Idan aka ba shi magungunan da ke sauƙaƙa wa zuciya aiki, wasunsu irin na hawan jini ne, kada wani ya ce ai ba shi da hawan jini ya ajiye. Ba don hawan jini aka ba shi ba.

Ku koma asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne, idan ya suma ko ya ji kamar zai suma, idan numfashi ya gagare shi yana kwance har sai ya tashi zaune ko ya tara matasai, idan ƙafafunsa suka kumbura har yatsa na lotsawa, idan ciwon ƙirjin ya dawo da ƙarfi, ko bugun ya yi ta gudu yana zaune ba ya lafawa.

Kafin a sake shi ya koma fili, a maimaita gwajin taroponin a ga ya sauka, a sake hoton zuciya na eko a ga ƙarfin matsawarta ya dawo daidai, a ɗaura masa ƙaramar na'urar nan da ke naɗar bugun zuciya na awa 24, sannan a sa shi gudu a kan inji ana kallon bugun. MRI na zuciya yana da kyau idan da hali, don yana nuna ko an bar tabo, amma ba ko'ina ake samunsa ba kuma da tsada, waɗancan huɗun su ne ba a tsallakewa. Idan asibitin da kuke zuwa ba su da likitan zuciya, ku nemi takardar tura ku asibitin koyarwa mafi kusa, ku tafi da duk sakamakon farko a hannu, don da su za a gwada na biyu.